Allurar da Ta Ƙi Zama Kan Sifili

Ko shekara nawa zan yi a duniya, wata la'asar a ɗakin gwajin jami'armu da ke Tianhe a ƙasar Sin ba za ta fita raina ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ajin ƙarshe. Ni da abokina, wani Bazindare, muka haɗa na'urar ɗaukar bugun zuciya, kuma washegari za mu kare aikin gaban malamai.

Shi ya yi duk likin dalma. A tsakiyar allon na'urar akwai ƙaramin aisi, wato 'yar ƙwayar lantarki, mai ƙafa takwas da ke ƙara ƙarfin sigina. Biyu daga ƙafafun na saiti ne: idan babu abin da ke shiga, sai ka murza ɗan sukurun da ke haɗe da su har allurar mita ta kwanta kan sifili.

Kwana huɗu ke nan abokin nawa yana asibiti da zazzaɓi. Ya aiko mini da saƙo: "Ɗan'uwa, ka leƙo ni mana." Na ce sai na gama saiti.

Na haɗa wayoyin shiga da wayar ƙasa don kada wata sigina ta shiga, na murza sukurun. Allura ta zo sifili, sai ta ɗaga kaɗan, ta koma, ta sake ɗagawa. Na duba agogona na ƙirga. Tamkar bugun zuciyar mutum, alhali babu wanda ke jikin na'urar. Na canja aisi, na kashe fanka, duk a banza. Na kira tsohon Basinen da ke kula da ɗakin. Ya daɗe yana kallo, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya janye hannunsa.

"Babu matsala a allon nan," ya ce a hankali. "Ina abokin naka?"

Sai bugun ya fara ja baya. Tazarar tana ƙaruwa muna kallo. Can allurar ta kwanta kan sifili da kanta, ba ta sake motsi ba. Na bar komai na fita da gudu zuwa asibiti.

Na tarar an riga an rufe masa fuska.

Yau ni ke koyar da wannan darasi, na kuma san zafi da danshi kan sa allura yawo. Ina faɗa wa ɗalibaina hakan, amma zuciyata ba ta taɓa gamsuwa ba. Abin da na koya ɗaya ne: in mara lafiya ya ce ka zo, ajiye abin da ke hannunka ka tafi. Aiki zai jira ka.