Abin da Na Rubuta Ƙarƙashin Fuskarsa

A shekarar da muka yi ajin ƙarshe na kolej a Madawa, ni ne gwanin rubutun faransanci, kuma na san haka. Duk sa'ad da malaminmu ya dawo mana da kayenmu, wato littattafan rubutunmu, nawa yake warewa ya karanta wa aji. Nakan sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali ta wutsiyar ido ina duba wa ke saurare, wa ke hamma. Mahaifina tela ne a bakin kasuwa, bai san ko harafi guda na boko ba, amma labari ya kai masa, har yakan gaya wa masu kawo ɗinki cewa ɗansa ya fi Nasara iya yaren Nasara.

Ana saura wata biyu jarrabawar bureve ta gama kolej, a tsakiyar zafin bazara, malamin ya shigo da wata shawara. Matashi ne siriri mai son sabon abu, Mushe muke ce masa kamar sauran malamai. Ya ce tunda za mu watse, ya kamata mu bar abin tunawa: ƴar jarida, kowane ɗalibi da fuskarsa, a ƙarƙashi kuma layi uku, halinsa, da abin da ya yi a lakkol, wato makaranta, da abin da yake so ya zama. Direkta ya yarda a buga ta a injin ofishinsa, wanda ake murzawa da hannu.

"Rubutu naka ne," in ji Mushe, yana nuna ni da alli. Ban yi mamaki ba. "To, fuskoki fa, wa zai zana mana?"

Sai na ga rabin aji ya waiwaya baya. A bencin ƙarshe akwai wani dogon yaro daga wani ƙauye na wajen Karofane, yana zaune gidan kawunsa mai fataucin albasa. Shekara huɗu muna aji guda, ban taɓa yin hira da shi ta kirki ba. Ba ya cikin na gaba, ba ya cikin na baya, ba ya ɗaga hannu. Ashe ƴan bencin baya sun daɗe da sanin yana zana malamai a bayan kayensa. Mushe ya miƙa masa alli. Ya taso yana jan ƙafa, ya tsaya gaban allo, ya ja layi bai fi goma ba, sai ga gardin makaranta da karkatacciyar hularsa da goro a kumatu. Aji ya ɗauki ihu, har malamin lissafi ya leƙo daga ajin makwabta. Mushe ya daɗe yana kallon allon yana girgiza kai. Bai taɓa kallon rubutuna haka ba.

Muka fara aiki a ƙarƙashin dogonyaron da ke tsakiyar fili, lokacin hutun safe. Ni ina tambaya ina rubutawa, shi yana zaune gefe, takarda a kan gwiwa, fensir ɗinsa guntu kamar ɗan yatsa. Mai tsaron gidan ƙwallonmu, wanda ba ya iya magana a hankali, ya ce soja zai zama, in kuwa an ƙi ɗaukarsa to jandarma. Wanda ke riƙe da lambun makaranta, mai yawan faɗa in an taka masa ganyen salati, ya ce makarantar noma zai tafi. Wani ɗan wajen Garhanga, wanda ba ya dariya sai ta kama dole, ya ce likitan dabbobi, domin yana yaro ya ga shanunsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a shekarun fari, ba wanda ya san abin da zai yi musu. Akwai kuma sarkin barkwancinmu, wanda ke fitowa a tsohuwa duk wasan kwaikwayon da muka yi. Shi ya ce in rubuta minista, in ba wuri in rubuta mai shayi.

Na yi ta goge jimlolin nan ina sake su, ina nemo kalmomin da ko Mushe sai ya ɗaga gira. Amma duk wanda muka gama da shi, ba wajena yake zuwa ba. Zagayawa yake bayan ɗan Karofane ya leƙa takarda, ya kama baki, ya kira abokansa. Ba wanda ya taɓa ce mini in karanta masa abin da na rubuta a kansa.

Abin ya fi cina ranar da layi ya zo kan wata yarinya ƴar garin Buza. Ita ce ta fi kowa iya lissafi, kuma ita ke jagorar ƴan mata a wasan ƙwallon hannu. Tun ajin farko nake son ta kula da ni. Na shirya mata tambayoyi na musamman, amma ta amsa mini da kalma uku: ungozomar asibiti za ta zama. Daga nan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta zauna kan saiwar bishiya, ta ce wa ɗan Karofane, "In juya haka, ko haka?" Ta zauna masa har gardi ya buga ƙarfen komawa aji. Da ya gama ta karɓi takardar ta duba.

"Wannan tawa ce," in ji ta. "Ka sake wata don jarida."

Ya ce to. Ni ina tsaye da kayena a hannu kamar mai jiran mota.

Shi ne na ƙarshe da na tambaya. Kowa ya shiga aji, mu biyu muka rage.

"Kai fa, mi kaka so ka zama?"

"Rubuta malami."

"Malami? Kai da ba ka iya buɗe baki gaban mutane?"

Ya yi murmushi, yana fiƙe fensir da reza. Can ya ce in zai faɗa mini gaskiya, babu abin da yake so kamar zanen manyan motoci. Ya ce kowace ranar kasuwa yakan tafi tasha ya tsaya bayan kamiyon da suka fito daga kudu, yana kallon zakoki da furanni da dawakan da aka zana a jikin katakonsu, yana ganin inda mai zanen ya gwanance da inda ya yi ha'inci. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Sai kuma ya tsaya.

"Amma kar ka sa wannan, don Allah. Tsohona malami shika jira. Shi kaɗai ya bari anka kai ɗanshi lakkol a unguwarmu, anka yi mashi dariya. Ka rubuta malami."

Na ce masa to.

Da na zo rubuta nasa a gida, a kan teburin yankan mahaifina, na fara da malami. Na dubi kalmar, na tuna yarinyar nan tana ninke takardarta. Na soke. Na rubuta cewa shi mutum ne mai shiru, wanda ya yi shekara huɗu yana nazarin bangon baya na aji, kuma babban burinsa bayan duk wannan karatu shi ne ya zama mai fentin gindin kamiyo. Na gyara jimlar har ta yi santsi. Na gaya wa kaina ai gaskiya na rubuta. Mushe ya yarda da ni, bai bi duka ya karanta ba, ya miƙa wa sakataren direkta ya buga.

Ranar da aka raba jaridar tawada ba ta gama bushewa ba, tana ɓata yatsu. Na buɗe ina neman shafina. Ban taɓa zama ya zana ni ba, ban kuma tambaye shi ba, don kada ya ce ina so. Ashe ya zana ni a ɓoye, lokacin da nake yi wa wasu tambayoyi. Ga ni nan, bik ɗin rubutuna a bayan kunne, baki ya ɗan karkace gefe guda, ido yana kallon wani abu a waje da takarda. Ba muni ya yi mini ba. Amma na gane kallon, na kuma san wa nake kallo.

"Walle shi ne!" in ji mai tsaron gida. "Haka bakinshi ka yi in an yabi wani."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Sai sarkin barkwanci ya kai shafin ƙarshe, ya hau benci ya karanta layukana da muryar mai labaran rediyo. Wannan karon dariyar ta cika aji, har da buga tebur. Kwana biyu ana kiran ɗan Karofane mai gindin kamiyo. Karon farko ke nan da aka karanta rubutuna a jaridar da ƙarfi, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ya same ni a bakin randar ruwa.

"Na ce maka kar ka sa."

"Ƙarya na yi maka?"

"A'a. Gaskiya ce."

Ya sha ruwa ya mayar da moɗa, ya tafi. Mushe kuwa bai yi mini faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, "Jimlar ta yi kyau," da wata murya da ta sa na rasa inda zan sa idona. Ƴar Buza ta daina amsa gaisuwata.

Kawun ɗan Karofane ya sa wani ya fassara masa jaridar, ya aika ƙauye. Ranar kasuwa ta gaba mahaifinsa ya zo. Na gan shi a ƙofar makaranta, dattijo ne ramamme da rawani fari, ya tuɓe takalmansa tun kafin ya kai barandar direkta. Suka daɗe a ciki. Na zauna a aji ina jiran a aiko kirana. Ba a kira ni ba. Abin da na ji daga baya shi ne direkta ya gaya wa dattijon cewa hannu irin na ɗansa bai taɓa ganinsa ba a duk makarantun da ya riƙe, ya kuma roƙe shi ya bar yaron ya zana taswirar ƙasa a bangon makaranta kafin ya tafi. Dattijon bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya sa takalmansa ya koma.

Aka sayo wa yaron fenti kala huɗu. Bayan jarrabawa, muna zaman jiran sakamako, ya kafa tsani a bangon da ke kallon hanya. Mutane suka riƙa tsayawa: mata masu tallar fura, masu jakai, har direbobi. Wani mai motoci biyu ya tsaya ya tambayi ɗan wane ne. Nakan bi ta wata hanya in na fito daga shagon mahaifina, amma ta can ma sai in ji ana zancen. Ni na tona shi don a yi masa dariya, ga shi duk gari ya san shi, ni kuwa jaridar har an fara ƙunshe ƙosai da ita.

Dukanmu biyu muka ci bureve, aka tura mu makarantar malamai. Ni na tafi. Shi bai zo ba. Ƴar Buza ta samu abin da take so, ɗan Garhanga ma haka. Mai tsaron gida an ce tsawonsa bai kai ba, ya koma noman albasa.

Bayan wasu shekaru, ina koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Keita, na zo Madawa hutu. Ranar komawa na tafi tasha da buhun littattafai ina neman mota. Sai na hango ɗan Karofane a kan ganga, riga duk fenti, yana gama rubutu a goshin wata kamiyo. A gefenta ya zana raƙumi da ɗansa, har kana ganin gashin wuyansu. Na so in wuce, ya riga ya gan ni.

"Mushe!" ya kira, yana dariya. Ya sauko muka gaisa, ya tambayi mahaifina, na tambayi nasa. Ya ce tsohon yana nan, har yanzu in an tambaye shi sana'ar ɗansa yakan ce yana aiki a birni. Sai ya kama hannuna ya kai ni gaban motar.

"Duba mani wannan. Kai ka iya faransanci."

Na duba. Harafi guda ya ɓace a tsakiyar kalma ta biyu. Mai motar yana tsaye yana yaba aikin, bai gani ba, ba kuwa wanda zai gani a tashar nan. Na ji tsohon ƙyashin nan ya motsa, yana ce mini in bar shi haka. Sannan na matsa kusa da kunnensa na gaya masa. Ya ce madalla, ya hau ganga, ya matse harafin tsakanin ƴan uwansa har ba ka cewa gyara ne.

Motar hanyarmu za ta bi. Ya yi wa direba magana, aka sauke wani daga gidan gaba aka ba ni wurin. Duk tsawon hanya direban bai yi zancen kowa ba sai nasa: motocin da ya zana, da yadda ake zuwa nemansa daga nesa. Ya tambaye ni ko da gaske aji guda muka yi. Na ce da gaske ne. Ya sake dubana, ya ce to ni mi nike yi yanzu. Na ce ina koyar da yara. Ya ce Allah shi taimaka, ya ci gaba da labarinsa.