Damin Irin Ishaku

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne wana Ishaku magini, a ƙauyenmu kusa da Kore Mairuwa. Ni ba mai rubutu ba ne, aji uku na yi a lakwal aka maida ni gona. Abin da ke faruwa a gidansa ne ya hana ni yin shiru, sai ku yi haƙuri da hannuna.

Ishaku dattijon majami'armu ne. Cikin karatun da ake yi mana duka, babu wanda yake so kamar mafarkin sarkin Babila: gunki mai kan zinariya, ƙirjin azurfa, cikin tagulla, ƙafafun ƙarfe, tafin ƙafa kuma ƙarfe gauraye da yumɓu. Sai wani dutse da ba hannun mutum ya sare shi ba ya zo ya farfashe gunkin, ya girma ya cika duniya. Annabin da ya fassara mafarkin ya ce mulkokin duniya ke nan, ɗaya bayan ɗaya, dutsen kuma mulkin Allah ne da ba ya ƙarewa. Ishaku da idon magini yake kallon labarin. Ya taɓa soka guntun ƙarfe cikin tubali ya ajiye bayan majami'a. Damana ɗaya tsatsa ta tsaga tubalin biyu. Ya ɗaga mana shi ran Lahadi, ya ce ga wa'azinsa na yau, ya zauna.

Duk lokacin da rediyo ta kama kiɗan soja na juyin mulki, mutane kan bi shi har wurin gini su ce, "Malam Ishaku, wannan ne tafin ƙafar?" Sai ya ce, "Ban sani ba. Wanda ya fassara mafarkin ma ba a ba shi rana ba, washegari wurin aikinsa ya tafi. Miƙo mini laka."

Wata ɗabi'arsa ita ce, kafin a fara girbi yakan shiga gona shi kaɗai ya zaɓi zangarniyar hatsi mafi tsawo da cika, ya ɗaure dami uku daban, ya sa a ƙasan rumbu. Irin baɗi ke nan. Shekarar yunwar da muka ci tafasa har bakinmu ya yi kore, bai bari an taɓa ba. Bayan rasuwarsa ɗansa Bitrus ya riƙe wannan, kowace kaka daga wancan irin yake sake zaɓa.

To bana, tun bazara, wani mai wa'azi ya fara zo mana bisa babur, da lasifika da wayar salula mai hotuna. Wai ya ƙirga yatsun gunkin goma, kowane yatsa ya ba shi sunan ƙasa. Wai dutsen zai faɗo kafin kaka, don haka duk wanda ya shibka bai ba da gaskiya ba. A kawo iri a tara, a ciyar da 'yan'uwa masu zaman jira. Fastonmu tsoho ne, ya yi magana, muryarsa ba ta kai ta lasifika ba.

Ban ce mutumin ɓarawo ne ba, ban gani da idona ba. Amma buhunan irin da ake tara masa ran kasuwa suke fita a amalanke, kuma har yau ban ga wanda ya ci tuwonsu ba. Me ya sa iri kaɗai yake nema, a lokacin da kowa ke neman iri? Da na je Dogon Dutsi na bi ta ƙofar gidansa. Na ga siminti jibge, na ga sabon kwanon rufi. Shekara ashirin na yi ina miƙa wa Ishaku laka. Na san mai zuba siminti ba damana ɗaya yake tsammani ba.

Bitrus ya riga ya ba shi dami biyu. Ba na zarginsa sosai. Sau uku yana zuwa biɗar kuɗi ƙasashen kudu yana dawowa hannu wofi, ga ɗiya huɗu. Mutum in ya gaji, daɗi yake ji a ce masa komai ya kusa ƙarewa. Uwarsa Saratu ce ta same ni bakin rijiya ta ce, "Kai ƙanen miji, tsayawa za ka yi kamar turke har a kwashe na ukun?" Na sayo kwaɗo na kafa wa rumbun ƙyaure na kulle. Bitrus ya iske ni nan.

"Baba, ku tsofaffi ba ku ganin alamu. Mulki nawa ya faɗi a kan idonka?"

"Da yawa. Kuma kowanne ya faɗi, da safe ɗiyanka sun nemi fura."

"Da ubana yana raye da ya gane."

"Da ubanka yana raye da ya je ya duba wa mutuminka fandishon sabon gidan da yake ginawa."

Tun ranar bai ƙara gaishe ni ba. A majami'a ma sai ya canza benci.

Nakan tambayi kaina me Ishaku zai ce da wannan zamani. Ba na jin zai ƙaryata cewa mulkin Allah na zuwa. Ya gaskata fiye da mu duka, ni ma na gaskata. Abin da ba zai yarda da shi ba, mutum ya zo da ranar a aljihu kuma ya koma da buhu.

Ɗakunan da ya gina yawanci ruwa ya cinye su, wasu an rushe an sa bulo. Hotonsa ko ɗaya ba mu da shi. Abin da ya rage nasa a duniya dami ɗaya ne a ƙasan rumbu, makullin yana rataye a wuyana, ɗansa kuma yana gaba da ni a kansa. Ban sani ba ko zai yafe mini. Hadari ya fara haɗuwa gabas. Ran da ruwa ya sauka, ni da Saratu za mu shibka gonar Ishaku ko Bitrus bai zo ba. In dutsen bana ne, ya iske ni duƙe.