Tsohon da Ya Ɗauke Furen Chizuru

Momose Tatsuji ya yi shekara talatin yana tuƙa motar haya a garin Omachi. Da ya ajiye aiki sai ya kwashe ƙasa mai kyau ta bayan gidansa, ya zuba tsakuwa. A ciki yake shuka komakusa, ɗan furen nan ruwan hoda na ƙololuwar duwatsunmu. Mutum ne mai baƙar magana, ban taɓa sonsa ba.

Ɗiyata Chizuru kaɗai yake bari ta shiga wurin. Ya ba ta iri, ta shuka a tukunya, ta bar ta a wajensa. Shukar takan yi shekaru kafin ta yi fure. A shekara ta uku Chizuru ta rasu, tana da shekara ashirin da shida.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara da muke yi wa mamaci, na je karɓar tukunyar.

"Ina za ki ajiye ta, Malama?" in ji shi.

"Inda na ga dama. Ta ɗiyata ce."

"Wannan ba ta son gata. Ki bar ta waje, rana ta doke ta, ƙanƙara ta rufe ta."

Ɗaki na kai ta, kan teburin tunawa da waɗanda suka rasu, gefen hoton Chizuru. Kullum da safe in na canza ruwan da nake ajiye wa Chizuru a teburin, sai in juye na jiya a tukunyar. Cikin mako uku ganyen ya yi rawaya.

Momose ya zo wai zai kunna turare. Ya durƙusa, ya haɗa hannu, ya miƙe da tukunyar a hammata.

"Ajiye ta, Baba," na ce.

"Digirinki nawa ne? Duk babu wanda ya gaya miki saiwa na ruɓewa?"

"Sata a gidan makoki. Ko kunya ba ka ji?"

"Kira 'yan sanda. Yarinyar ta yi shekara uku tana danne hannunta kada ta cika wa furen ruwa, ke za ki kashe mata shi a mako uku."

Shekarunsa saba'in da takwas, ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙwari, kuma ya daɗe a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Da na so ƙwacewa, da na ƙwace.

A Yulin bana shukar ta yi fure biyu. Ta tsakanin shingensa na gani. Na ƙwanƙwasa, na ce ya dawo mini da ita.

"A'a," ya ce, ya rufe ƙofa.