Kwalbar Turaren Maigida

A shekara ta biyu da aurenmu, da aka gama girbin gero, maigidana ya tafi cin rani kudu. Ni kuwa na zauna a ƙauyenmu, gaba da Tsanyawa kaɗan, da safe ina matsar man gyaɗa, da yamma ina karanta littattafan soyayya a gindin darbejiya. A littattafan nan, duk namijin da ya dawo daga tafiya, matarsa takan tarbe shi da turare mai kwali, ta miƙa masa tana sunkuyar da kai. Na ƙudura a raina nawa mijin ma ba zai tarar da ni hannu rabbana ba.

Da dawowarsa ta matso, na ƙulle ribar maina a bakin zani, na hau bas zuwa birni, unguwar Rijiyar Zaki, wurin yayata. Ita ta kai ni wani babban kanti mai ƙofar gilashi, inda ba a tayi. Kowane kaya da 'yar takardar farashinsa manne a ƙasansa. Can na hango wata kwalbar turare, ruwanta kamar zuma, murfinta na ƙyalli. Na duba takardar, na ga zan iya saya har kuɗin motar komawa gida ya ragu. Tun a wurin na fara ganin yadda zai lumshe ido in ya shinshina.

Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta goga kwalin a na'ura, ta faɗi wani farashi da ya zarce wancan sosai. In na biya, ba kuɗin mota. In na ajiye, ba turare.

Na ce, "Ƙanwata, ba haka aka rubuta a can ba."

"Ayya Anti, tsohon farashi ne. Mantawa aka yi ba a cire ba."

"To ni da takardar na yi ciniki."

Ta yi dariya. "Anti, nan fa ba kasuwar ƙauye ba ce. Wane mai sa'a ne zai sha wannan ƙamshi?"

Yayata ta mintsine ni, wai in ajiye mu tafi, mutane na kallo. Ban ajiye ba. A gefen buhunan hatsin mahaifina na tashi, ranar kasuwar Tsanyawa. A can, in mai kaya ya ce "albarka", ciniki bai faɗa ba. In kuwa ya ce "na sallama", magana ta ƙare, ko wani ya zo da ninki ba zai janye ba. Na ce a kira mini mai kantin.

Wani dattijo ne mai furfura a gemu. Ya saurare ni, ya ce, "Malama, kuskure ne. Ni ma ƙara mini aka yi a wurin sari."

Na ce, "Alhaji, ban ce da gangan ba ne. Amma ku kuka hana mu tayawa. Tunda ba ku tsaya kuna faɗin kuɗin kaya da baki ba, takardar nan ita ce bakinku. Ta sallama mini, na ɗauka."

Ya dube ni. "Ke 'yar ina ce?"

"Tsanyawa."

"Haba, shi ya sa! Kin ɗauko kasuwarku a ka kin kawo mana birni."

Ya taka har inda turaren yake, na bi shi. Ya karanta takardar, sannan ya ɓamɓare ta da farce. Ya ce wa yarinyar, "Wannan kwalbar an sallama. Na bayanta sabon farashi, ki rubuta yanzu kafin wata 'yar Tsanyawa ta shigo."

A bas na rungume ledar a ƙirjina har gida, ina kallon gonaki suna wucewa.

Ranar da maigida ya dawo, duk kalaman da na tanada suka gudu. Na dai miƙa masa kwalin. Bai lumshe ido ba, atishawa ya yi. Ya juya kwalbar ya ce, "Wannan ai na masu kuɗi ne. Ya aka yi?"

Na ce, "Ciniki na yi."

"A kantin gilashi? Ke?"

"Ni kuwa."

Ba ya shafa turaren sai ranar Juma'a. In ya dawo daga masallaci ta hanyar gona, ƙamshin ne ke riga shi shigowa gida.