Mai Fiɗa da Sandar Sitiyari

Kawuna bakanike ne, shekara arba'in yana sana'ar, kuma a layin garejinsu ba a kiransa sai da Mai Fiɗa. Duk abin da ya cire daga mota, ba ya jefar da shi sai ya kwance shi ya ga abin da ya kashe shi. Abokan aikinsa su sauya famfon mai uku su wanke hannu, shi yana durƙushe a kan buhu yana tonon cikin tsoho guda da aka riga aka sa sabonsa. Wannan hali ne ya hana shi tara abin kirki. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ni ma na sha yi masa dariya.

Ni kuwa koya wa mata tuƙi nake yi da 'yar ƙaramar motata guda. Ita ce ofishina, ita ce gonata. Mai koyo ba ta san tausayin sitiyari ba: mota na tsaye za ta murɗa shi har ƙarshe, in ta tsorata ta damƙe shi kamar za ta tsige. Sannu a hankali ya fara ƙwas-ƙwas in an juya, ya yi sako-sako, har wata ɗalibata ta ce ita da 'ya'yanta ƙanana, ba za ta sake shiga ba.

Na kai motar babban gareji mai tayil da na'urori. Suka ce sandar sitiyarin ce ta tafi, ita da ɗan injin lantarkin da ke jikinta yana sauƙaƙa juyawa, kuma ba a gyara ta, sai dai a sauya gaba ɗaya. Kuɗin sabuwa da na aiki ya kai abin da nake samu a wata biyar. Ta hannu rabin haka, ba tabbas kuma ba da tata cutar za ta zo ba. Ɗalibai goma sha ɗaya gare ni, huɗu saura mako biyu gwajin lasisinsu. Hankalina ya tashi sosai, na fara yi wa dillalai tallan motar.

Da na je wurin Kawu, tambayarsa kawai na je yi ko tayin dillalai cuta ce. Shekara biyu ke nan hannunsa na rawa, ya bar aiki, yana dai zuwa ya zauna a bencinsa. Bai saurari zancen dillalai ba. Ya sa na tayar da mota, ya cusa tafinsa ƙarƙashin sitiyari, ya ce in juya hagu, in juya dama.

"Irin wannan sanda tara na fiɗe," in ji shi. "Bakwai lafiyarsu ƙalau aka zubar da su. Wata 'yar roba ce tsakanin injin da sanda, ita ke marmashewa."

Muka samo robar wurin mai kayan gyara. Ba ta fi murfin kwalba ba, kuɗinta kuma bai kai na rabin tankin mai ba. Sai dai wa zai sa? Maƙwabtansa suka ce aikin yini ne mai cin rai, kuɗi kaɗan, ga su da motoci a layi. Ɗaya har da cewa Mai Fiɗa ya samu gawa. Kawu ya dubi hannuwansa, ya dube ni.

"'Yar nan, naki ba sa rawa. Cire kan batir."

Haka na kwanta a ƙasan kujerar direba, ƙafafuna a waje, shi yana tsugune a bakin ƙofa yana faɗin lambar sifana. Kafin in raba kowane haɗi sai ya sa na ɗiga jan farcena a ɓangarorin biyu, don su koma daidai yadda suke. Na ƙuje yatsu, na yi masa tsiwa sau biyu, ya ce halin uwata ne. Da muka buɗe bayan injin, sai ga baƙin gari ya zubo kamar na gawayi. Ragowar tsohuwar robar ke nan.

Rana ta yi sanyi kafin in ɗaure noti na ƙarshe. Kawu ya shiga kujerar da nake zama in ina koyarwa, na ja muka fita layin. Na juya hagu, shiru. Na juya dama har ƙarshe, shiru. Daɗi ya kama ni. Ya ce in sake bi ta gaban garejin a hankali, ya sauke gilashi ya ɗora gwiwar hannunsa, ya ce in danna hon kowa ya ɗago. Sau uku muka zaga.

Washegari na kira mai 'ya'yan nan na ce ta fito, ƙarfe takwas ina ƙofar gidanta.