Asabar ɗin Goggo Kwanye

Duk wanda ya zauna a layinmu a Wuro Patuji ya san Asabar ɗin da ake kwana a ci Jibin Ubangiji. Ranar ce Goggo Kwanye, ƙanwar babana, take ɗaura farin ɗankwali ta bi gida gida tana neman gafara. A cewarta ba za ta kai hannu ga gurasar da datti a zuciya ba. Ban ce laifi ba ne, amma dai mutane kan ɓuya.

Matsalar, ba ta rage komai. Ta taɓa samun Mama Rifkatu ta layinmu a tsakiyar baƙi ta ce, "Ki yafe mini, ranar bikin 'yarki na ce a raina miyarki ruwa ce zalla."

"To ai da kin bar shi a ranki!"

"Ina! Can ne yake ruɓewa."

Fasto ma bai tsira ba. "Baba Fasto, sau biyu na yi barci a wa'azinka. Na farkon laifina ne. Na biyun, ka binciki kanka."

Har wurin maƙwabcinmu Malam Buba, da ba ya cin Jibi, sai ta je. Yakan leƙo ta katanga ya ce, "Na yafe, Kwanye, har da na wata mai zuwa!"

"A'a, sai ka ji shi tukuna."

Ni kam ban cika dariya ba, don ina da nawa. Shekarar da na gama jami'a na bar ɗakin ajiyarta a buɗe, awaki suka cinye waken da ta ware na iri. Da ta tambaya, na yi shiru. Damina ta wuce ba ta shuka wake ba. Shekara bakwai, in ta nufo ni ranar Asabar ɗin nan sai in kauce mata, washegari in karɓi Jibi da laifina a zuciya.

Da ciwo ya kwantar da ita, jikinta ya yi tsanani, tsoro ya kama ni kada ta tafi ban faɗa ba. Na je asibiti na durƙusa a gefen gadonta.

"Goggo, akwai wata magana, wataƙila ba ki tuna ba, mai yiwuwa ina da hannu a ciki, ko da yake..."

"Mai digiri, waken ne?"

Ta ci gaba da cewa:

"Hularka ka bari a kan buhun. Tun ranar na yafe."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaya? Haka kuke yi wa Yesu. Ya gama aikin a kan gicciye, ku kuna ta yawo da kaya a ka. Tashi, kana danne mini robar ƙarin ruwa!"

Bayan kwana biyu ta rasu. A akwatinta na sami hular, wankakkiya, a ninke.

Asabar mai zuwa, idan na sami ƙarfin hali, ina jin zan ɗan zaga layin. Mama Rifkatu, ki yi haƙuri tun yanzu.

Ya Yesu, kai da ka wanke ta, ka hutar da ita a wurinka. Mu kuma ka buɗe mana baki tun muna da sauran numfashi. Amin.