Shuɗin da Ke Bayan Cilakowa

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Kawu, ƙanin Innata, ya zo ƙauyenmu da kyamara. Malamin makaranta ne a Kano, in an yi hutu sai ya tafi bakin ruwan Watari ɗaukar hoton tsuntsaye. Bakin kyamarar dogo ne, idan ya murɗa sai ya ƙara tsawo. Kaka, mahaifiyar Baba, tana ganinsa ta ce, "Malam, wannan taɓaryar me za ka daka da ita?"

Kaka ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko katin zaɓe ba ta yi ba. Idan jikoki suka ɗaga waya, sai ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce, "Ku bari. Ɗauka ɗaya za a yi mini, a makara." Kowa ya yi dariya.

Ni ba na magana sosai, ko a aji. Amma ina lura da abubuwa. Ni na nuna wa Kawu cilakowar da ke sauka kan darnin bayan gidanmu kullum da hantsi, a kan kara ɗaya wanda ya fi sauran tsawo. Ya dube ni, ya rataya mini igiyar kyamarar a wuya.

Ya koya mini abin da yake kira narkar da baya. In murɗa bakin har ƙarshe. In buɗe idon gilashin sosai, wato in kai lambar ƙasa. In matsa kusa da tsuntsun a hankali, sannan in zaɓi wurin da abin da ke bayansa ya yi masa nisa. "In kika yi haka," ya ce, "tsuntsu zai fito har gashin idonsa, baya kuma ya zama kamar kunu."

Ranar, Kaka tana zaune a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya, da zanenta shuɗi. Cilakowa ta sauka. Na manta ban murɗa bakin ba, na danna. Muka duba. Ga tsuntsuwar 'yar ƙarama, ga Kaka a bayanta sarai: tsagen kumatunta, goro a gefen bakinta, tana yi wa akuya dariya.

Kawu ya ce, "Baya ya yi hayaniya. Ido zai bar tsuntsun ya tafi can."

Kaka ta ɗago. "Ƙawata, ba dai ni kike ɗauka ba?"

"A'a, Kaka. Tsuntsu ne."

"To, tsuntsun ya biya ki."

Kunya ta kama ni, ta Kawu da ta Kaka. Na riga na ga maɓallin da yake dannawa idan hoto bai yi masa ba. Na danna, na goge. Na durƙusa, na murɗa bakin har ƙarshe, na ja gwiwa taku huɗu. Cilakowa ta juyo da jan bakinta. Na ɗauka.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce shi da ya shekara yana yi bai sami irinsa ba. Kowane gashi ya fito. Baya ya narke, kore da ruwan ƙasa, sai wani shuɗi mai laushi a gefen dama. Ranar har na ci tuwo ina murmushi ni kaɗai.

Kafin damina ta zagayo Kaka ta rasu. Zazzaɓin kwana uku.

Bayan sadakar bakwai, Baba ya bi wayoyin gidan duka yana neman hotonta. Babu ta. Gyale kawai, ko hannu a kan fuska. Sai Kawu ya tuna, ya ce akwai ranar da aka ɗauki tsuntsu tana zaune a baya. Ya wanko hoton a Kano ya kawo a ambulan.

Baba ya riƙe shi da hannu biyu. Ya kai shi ƙofar zaure wajen haske.

"Ina take?"

Na nuna masa shuɗin.

"Malam," ya ce wa Kawu, "ba a iya dawo da ita? Ku da kuke da na'ura."

Kawu ya girgiza kai. Ya ce abin da gilashi ya narkar tun wajen ɗauka, ya tafi. Bai tuna da hoton farko ba. Ni na tuna.

Sai da Kawu ya tafi na sami Baba a zaure, na durƙusa, na faɗa masa labarin hoton farko da na goge. Ban ɗago kaina ba. Ya sake duban hoton da ke hannunsa.

"Kin gan ta a ciki sosai?"

"Na gan ta, Baba."

"Me take yi?"

Na gaya masa: ƙwaryar a cinyarta, wadda aka ɗinke tsagewarta da zare. Ɓawon gyaɗa a kan ƙafarta ta hagu. Goron. Akuyar da ta saci gyaɗa, da yadda ta ɗaga hannu kamar za ta doke ta, amma dariya take.

Baba ya ɗora yatsa a kan shuɗin. Ya ce, "Sake faɗa. A hankali."

Na sake.